Kek Mai Kirfa A Birnin Zazzau: Kindirmo, Mazarƙwaila Da Tarkon Alkama

Ba kasafai ake kawo zancen madafi a fagen da aka saba tattauna siyasa da tattalin arziki ba, sai dai masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk mai son ya san halin da al'umma take ciki, to ya leƙa tukunyarta, ya tambayi inda aka samo abin da ke ciki, da nawa aka saye shi, da kuma aljihun da kuɗin suka faɗa. Da wannan ma'auni nake so mu auna wani ɗan ƙaramin abu da ya fara samun gindin zama a gidajenmu na cikin birnin Zariya, wato kek mai kirfa, wanda ake gasawa a dogon gwangwani irin na burodi, a yayyanka a sha shayi da shi.

Shi kek ba baƙo ba ne a Zazzau. An daɗe ana ganinsa a cikin kayan gara tare da alkaki da nakiya da dubulan da cincin, ana kuma raba shi ranar suna da ranar Sallah. Iyayenmu mata daga Ƙwarbai zuwa Limancin Kona sun ƙware wajen gasa ƙananan kek a gwangwanayen madara da na kifi tun kafin obin na lantarki ya shigo gidajen masu hali. Abin da yake sabo shi ne wayar hannu. 'Yan mata da amare suna kallon masu girki na ƙasashen waje a YouTube da Instagram da TikTok, suna kwaikwayon abin da suka gani, kuma daga cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalinsu akwai wannan kek mai zanen kirfa a tsakiyarsa da ɓarɓashi mai zaƙi a samansa.

A Amurka ana kiransa kek na gahawa, amma abin mamaki, galibi babu ko ɗigon gahawa a cikinsa. Sunan ya samo asali ne daga al'adar Jamusawa da maƙwabtansu na arewacin Turai, waɗanda suke zama shan gahawa da la'asar tare da ɗan abin taɓawa, kuma baƙin haurensu ne suka kai al'adar Amurka. A Ingila kuwa idan aka ce kek na gahawa, to gahawar ake nufi a cikin ƙullun. Mu a nan abokin hirarmu shayi ne, don haka da za mu raɗa masa suna da kanmu, da kek na shayi za mu ce.

Kukan da aka fi ji daga masu gwada shi iri biyu ne. Ko dai ya fito a bushe, yana maƙale wa mutum a maƙogwaro sai an kora da ruwa, ko kuma bayansa ya ƙone cikinsa yana ɗanye, tsakiyarsa ta lotsa. Daga nan sai a ɗora laifin a kan rashin kayan Turawa. A ce ai ba a samu kirim mai tsami ba, ba a samu jan sukari na kwali ba, ga shi babu wutar lantarki da za a kunna obin. Mai ɗan hali sai ta aika Sabon Gari ko Samaru, wani lokaci har Kaduna, a sayo mata waɗannan kaya da tsadar gaske. Abin da nake so in nuna wa mai karatu shi ne, duk abin da ke sa wannan kek ya yi laushi da danshi akwai shi a cikin ganuwar birnin nan, kuma ya riga kek ɗin zuwa. Abu guda ne kawai ya gagare mu, shi ne kuma ya kamata ya dame mu.

Kafin mu kai can, ya dace mu tuna cewa sarrafa alkama tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma harshenmu ma shaida ne. Kalmar alkama daga Larabci muka aro ta, haka alkaki da alkubus da gurasa da sukari da gahawa, har ma da ita kirfar, wadda wasu ke kira girfa. Waɗannan kalmomi sun biyo ayarin raƙuma ne ta hamadar Sahara daga Arewacin Afirka, tare da fatake da malamai da mahajjata. Alkamar da ake yin alkaki da ita a wancan zamani a fadamunmu ake noma ta da rani, ana ban ruwa da jigo, kuma saboda ƙarancinta ta zama abincin sarakuna da attajirai da na ranakun biki. Farar fulawa ta buhu da burodi da kek irin na Turai kuwa sun iso ne bayan zuwan Turawa da jirgin ƙasa, wanda layinsa ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, ta hannun kuku-kukun bariki da mazauna Sabon Gari. Ke nan matar da take murza alkaki a Unguwar Juma ba sabuwar shiga ba ce a wannan fage. Ilminta ya girmi na littattafan girkin da ake kwaikwayo.

Me ke kawo laushi da danshi a kek? Abubuwa huɗu ne. Na farko maiƙo. Bota da man shanu suna daskarewa idan sun huce, shi ya sa kek ɗin da aka yi da su kaɗai yakan yi tauri washegari, musamman da hunturu. Man gyaɗa kuwa ba ya daskarewa a irin sanyinmu na cikin ɗaki, don haka kek ɗin da aka yi da shi yakan kwana biyu zuwa uku da taushinsa. Na biyu tsami. Kirim mai tsamin da ake faɗi a bidiyo ba wani abu ba ne illa ɗan'uwan kindirmon da matan Fulani ke kawowa kasuwar birni kowace safiya. Tsaminsa yana sassauta danƙon fulawa, kaurinsa yana riƙe ruwa, sannan idan ya haɗu da bekin soda sai su fitar da iskar da ke kumbura ƙullun. Duk macen da ta taɓa zuba ruwan kanwa a ƙullun waina mai tsami ta ga yana ƙyalƙyala kumfa, ta riga ta san wannan ilmi, ko da ba ta taɓa shiga ajin kimiyya ba. Ita bekin foda ma, wadda wani mai harhaɗa magunguna a Ingila, Alfred Bird, ya ƙirƙiro a 1843, ba komai ba ce illa soda da busasshen tsami da aka haɗa wuri guda.

Na uku jan sukari. Bambancinsa da fari shi ne ragowar ruwan rake mai duhu da ba a tace ba, wanda ke jawo danshi ya riƙe shi. To, mene ne mazarƙwaila in ba wannan ba? Ƙasar Zazzau gidan rake ce, Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi sun shahara da shi, kuma a nan ake matse shi a dafa ruwan har ya daskare ya zama mazarƙwaila. Jan sukari na kwali yawanci farin sukari ne da aka sake shafa wa wannan baƙin ruwa, namu kuwa ba a taɓa raba su ba tun farko. Na huɗu shi ne hannu. Muddin fulawa ta haɗu da ruwa aka yi ta juyawa, sai ta yi danƙo. Wannan danƙo shi mai burodi da mai alkubus suke nema, shi ya sa suke bugun ƙullu har su yi gumi. A kek kuwa abokin gaba ne. Wadda ta saba tuƙa tuwo da ƙarfinta, sai ta koyi sassauta hannu a nan.

Ga yadda ake haɗa shi a gwangwani mai tsawon santimita 23 da faɗin 13. A tanadi fulawa giram 250, wato kimanin ƙaramin gwangwanin madarar ruwa uku a shafe, da farin sukari giram 150, wato gwangwani guda da ɗan tozo. Sai man gyaɗa mai kyau marar ƙauri kashi uku cikin huɗu na gwangwanin, da kindirmo mai kauri wanda ba a tsinka da ruwa ba gwangwani ɗaya da rabi, da ƙwai biyu na gidan gona ko uku na kajin gida. Sai bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, da bekin soda rabin ƙaramin cokali, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Domin zanen tsakiya, a goge mazarƙwaila giram 80 a magogin kuɓewa, a duba kada a bar tsakuwa ko ɓawon rake, a gauraya da garin kirfa babban cokali ɗaya. Domin ɓarɓashin sama kuma, a haɗa fulawa giram 60 da mazarƙwaila giram 50 da kirfa ƙaramin cokali ɗaya da soyayyar gyaɗa da aka ɗan ɓarza, a murje su da yatsu tare da bota ko daskararren man shanu giram 40, har su yi kama da dambu.

A tankaɗe fulawa da foda da soda da gishiri a kwano guda. A wani kwanon a kaɗa ƙwai da sukari da maburgi har su yi haske, a zuba mai, a zuba kindirmo. Sannan a juye garin a cikin ruwan, a juya da cokalin katako a hankali, da zarar farin gari ya ɓace a tsaya, ko da an ga 'yan gudaji. Mai son ɗanɗanon gahawa irin na Ingila sai ta narka babban cokali ɗaya na garin Nescafé a ɗan ruwan zafi ta zuba a nan. A shafe gwangwani da mai a barbaɗa masa fulawa, a zuba rabin ƙullun, a barbaɗa haɗin mazarƙwaila da kirfa ba tare da ya taɓa gefen gwangwanin ba, a rufe da sauran ƙullun, a ratsa shi da wuƙa sau ɗaya kamar tafiyar maciji, sannan a yayyafa ɓarɓashin a sama. Kada a bar ƙullun ya zauna jiran wuta, domin soda tana fara aiki ne tun daga lokacin da ta gamu da kindirmo. Wuta ce za ta jira ƙullu.

Mai obin sai ta ɗumama shi zuwa digiri 175 a ma'aunin salshiyos, ta gasa na minti 50 zuwa 60. Wadda ba ta da shi, ko take da shi amma wuta ta yi halinta, ga dabarar iyaye. A sami babbar tukunya mai kauri, a zuba tsaftataccen yashi mai zurfin yatsu uku a gindinta, a rufe a ɗora a kan garwashi na kwata guda na awa. A dasa 'yan duwatsu ko murfin kwano a kan yashin domin kada gindin gwangwanin ya zauna a kan zafi kai tsaye. A sa kek, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin, wanda ya ɗan fi na ƙasa yawa. Wutar ƙasa idan ta yi yawa ita ke ƙona gindi ta bar tsakiya ɗanye. Kada a buɗe kafin minti 40, domin iska mai sanyi tana sa tsakiya ta lotsa. Sauri, in ji Hausawa, shi ya haifi nawa. Idan lokaci ya yi a soka tsinke mai tsafta a tsakiya. In ya fito da ƙullu, da saura. In ya fito da 'yan ɓarɓashi masu danshi, to a sauke nan take, kada a jira ya fito fes, domin zafin gwangwani zai ƙarasa aikin. Mafi yawan busasshen kek mintuna biyar ɗin ƙarshe ne suka busar da shi. A bar shi ya sha iska na kwata guda na awa kafin a juye, kuma da ya huce a nannaɗe shi a rufe a mazubi mai murfi. Iskar hunturun Zariya da ke fasa leɓe da dugadugai ba za ta ƙyale kek ba.

Ita kirfa ɓawon itace ce, kuma ba a noma ta a ƙasarmu. Iri biyu ne a kasuwannin duniya. Akwai ta ƙasar Siri Lanka, mai sirara kamar takarda, a nannaɗe fallaye-fallaye, mai sanyin ƙamshi da tsada. Akwai kuma mai kauri da tauri da yaji-yaji da ake kawowa daga Sin da Indonesiya da Biyetnam, ita ce aka fi samu wurin masu kayan yaji. Wannan ta biyun tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin, wanda yawansa ke iya taɓa hanta, har hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade a 2004 cewa kada abin da mutum ke ci kullum ya wuce miligiram 0.1 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa. Abin da ke cikin yanka ɗaya na kek da ake ci jefi-jefi ba abin tayar da hankali ba ne. Waɗanda ya kamata su yi hattara su ne masu ɗura cokula na garin kirfa a ruwan zafi safe da yamma saboda an ce musu tana maganin ciwon suga ko teɓa. Kirfa kayan ƙamshi ce, ba ta maye gurbin maganin likita. Shawara ga mai saye ita ce ta sayi itacen ta daka da kanta, domin garin da aka ƙulla a leda yakan sha iska, ba a kuma san abin da aka cakuɗa masa ba. Wadda kuma kirfa ta yi mata tsada, citta da kanumfari da aka saba sa wa nakiya suna bayar da ƙamshi mai kyau, kuma cittar daga kudancin jihar nan tamu ta Kaduna take zuwa.

Yanzu sai mu koma ga abin nan guda da na ce ya gagare mu. Mai daga gyaɗarmu, kindirmo daga shanunmu, mazarƙwaila daga rakenmu, ƙwai daga kajinmu, amma fulawar, wadda ita ce ginshiƙin kek ɗin, daga ƙetare alkamarta take zuwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Nijeriya ke ci shigo da ita ake yi ta jiragen ruwa, miliyoyin tan a kowace shekara, da kuɗin waje. Tun da kamfanin Flour Mills ya fara niƙa a Apapa a 1962 muke kan wannan hanya. Ko farin sukarin da muka zuba, yawancinsa ɗanyensa daga Barazil ake kawo shi a tace a Legas.

Wani abin lura shi ne, a nan Zariya aka yi wa wannan ciwo bincike mafi shahara. Björn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da Gunilla Andrae sun wallafa littafinsu The Wheat Trap, wato Tarkon Alkama, a 1985. Sun nuna yadda kuɗin man fetur suka saba wa talakan Nijeriya da burodin da ƙasarsa ba ta iya noma alkamarsa da araha, da yadda manyan madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi suka lashe maƙudan kuɗi ba tare da sun cike giɓin ba. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, aka duƙufa nomanta a Kano da sauran jihohin Arewa, amma fasa-ƙwaurin fulawa ya bunƙasa ta kan iyakoki, kuma a 1992 aka janye hanin. A zamanin Cif Olusegun Obasanjo aka umarci masu niƙa su riƙa haɗa kashi 10 cikin 100 na garin rogo, wannan ma bai yi tasirin da aka zata ba. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, farashin alkama ya yi tashin gwauron zabo a duniya. A 2023 kuma aka janye tallafin man fetur aka saki darajar Naira, sai kowace mai tuya a Babban Dodo da Ƙofar Doka ta ji a jikinta. An ƙaddamar da sabon shirin noman alkama na rani a Jigawa a ƙarshen shekarar 2023, muna kuma fatan alheri gare shi, sai dai alkama shuka ce mai son sanyi, sanyinmu kuwa na 'yan watanni ne.

A nan ne kek yake da wata fa'ida da burodi ba shi da ita. Mun faɗi a baya cewa burodi yana buƙatar danƙon alkama, shi ya sa duk lokacin da aka cakuɗa masa garin rogo ko na dawa da yawa yakan ƙi tashi, masu saye su guje shi. Kek kuwa gudun danƙo yake yi. Ana iya maye kashi ɗaya cikin huɗu na fulawarsa da lallausan garin farar dawa ko na gero da aka surfa aka tankaɗe, ya fito da taushinsa, har ma da ɗan ƙamshin da fulawa zalla ba ta da shi. Ana kuma iya yin sa da garin alkamar gida ta Kano da Jigawa, wadda ake sayarwa a mudu, in dai an ƙara masa ɗan kindirmo saboda dusarta na shan ruwa. Idan akwai inda za a fara kwance tarkon alkama ba tare da doka ko barazana ba, to a kek da cincin da biskit ne. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ke komawa ga 1922, ita ke da alhakin inganta irin dawa da gyaɗa da masara, ta kuma fitar da iri masu yawa. Ga cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS a maƙwabtaka da ita. Tsakanin Samaru da Ƙofar Kuyambana ba tafiyar awa guda ba ce a mota. Me zai hana a gwada waɗannan haɗe-haɗe a ɗakin bincike, a fitar da ma'auni tabbatacce da gwangwani da cokali, a buga shi da Hausa, boko da ajami, a kai wa matan cikin birni? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada wani ya ɗauka wannan maganar nishaɗin matan manya ce. Sana'ar abinci a cikin gida ita ce jarin macen Bahaushe tun fil azal. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda mata ke neman na kansu daga cikin ɗaki. Binciken da Emmy Simmons ta yi a ƙauyukan kewayen Zariya a farkon shekarun 1970 ya tabbatar da cewa sarrafa abinci don sayarwa shi ne babbar sana'ar matan aure. Da wannan kuɗi ake yin adashi, a yi biki, a tara kayan ɗakin 'ya mace, a yau kuma har kuɗin makaranta da na magani. Illar da ke tattare da tsarin, wadda ba ma son faɗi, ita ce talla. Ƙosai da waina da ɗanwake dole a sayar da su da zafinsu, don haka dole yarinya ta ɗauki faranti da sassafe, lokacin da ya kamata tana aji. Kek mai danshi yana kwana uku bai lalace ba, ana yin odarsa ta waya, a biya ta banki, mai babur ya kai. Ba na cewa kek zai kawar da talla, amma duk sana'ar da za ta ba uwa riba ba tare da ta cire 'yarta daga makaranta ba, ta cancanci masu ilmi su dube ta da idon basira. Abin da mai sana'ar take buƙata shi ne lissafi: ta san nawa ta kashe a kan gwangwani guda har da gawayi da leda, yanka nawa zai fitar, kuma kada ta mance da ladan wahalarta. Da yawa suna sayarwa ne a kan farashin maƙwabciya, jarin yana zurarewa ba su sani ba.

Zuma da zaƙi da harbi. Idan aka tara sukari da mazarƙwailar da ke cikin wannan haɗi, giram 280 ne. In an yanka shi 12, kowane yanka yana ɗauke da kimanin giram 23. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi. Yanka ɗaya ke nan ya cinye kusan rabin rabon yini, tun ba a zo ga shayin da mai shayi ya zuba wa cokali uku da madara ba. Mazarƙwaila ma sukari ce, jikin mai ciwon suga bai san bambancinsu ba. Kakanninmu suna cin alkaki ne a biki da Sallah, shi ya sa bai cutar da su ba. Idan kek ya zama karin kumallon kullum ga ma'aikacin da ke wuni a kujera ya koma gida a mota, to asibiti ne zai karɓi ribar.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne makomar na gida. A yau za ka sami yarinya ta iya kek iri biyar, amma ba ta san yadda ake ɓarza alkamar alkaki a kwaɓa a bar ta ta kwana ba, ba ta san daɗin da ake yi ana dakan nakiya ba. Tsofaffin da suka iya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ma'auninsu a tafin hannu yake da ido, ba a rubuce ba. Abin kunya ne a ce garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin Kamfanin Gaskiya na Tukur-Tukur, ya bari wannan ilmi ya bi masu shi kabari. Ɗaliban jami'a da na kwalejojin garin nan da ke neman abin rubuta kundi, ga fili nan. Su zauna gaban gwaggo da inna da sikeli da agogo, su auna, su rubuta. Baƙo idan ya zo akan ba shi masauki, amma ba a kan tashi mai gida daga ɗakinsa saboda shi ba.

Don haka kira na ga iyayenmu mata da ƙannenmu shi ne, a gasa kek mai kirfa, a kyautata shi, amma a yi shi da kindirmon Fulaninmu da mazarƙwailar Maƙarfi da man gyaɗar da aka matse a unguwa, a kuma ajiye alkaki a gefensa a faranti guda. Ga magidanta kuma, musamman masu albashi da ke sayen kek na kwali a manyan kantuna, ku tuna akwai maƙwabciyar da ke yin wanda ya fi shi, kuma kuɗin da kuka ba ta a cikin birni za su kwana. Ga malamanmu na Samaru, muna jiran ma'auni. Allah Ya sa albarka a abin da muke ci, Ya wadata ƙasarmu da abin da take nomawa, amin.